Baffa zai biya mini wata shida: Salamanka zan nufa ko Meziko?

Assalamu alaikum, Yaya. Shekarata 28, na karanta harkar kasuwanci, yanzu ni nake riƙe wa Baffana littafi a Dawanau. Sana'arsa zoɓo da riɗi: a taro daga Maigatari da ƙauyukan Jigawa, a gyara, a ɗura a buhu, a loda kwantena a Legas. Yawancin zoɓon Meziko yake tafiya, amma ta hannun dillali, domin duk gidanmu babu mai jin yarensu. Shekara guda ke nan ina koyon Sifaniyanci a waya. Da Baffa ya ga da gaske nake, ya ce zai ɗauki nauyina in je waje in yi wata shida, amma sau ɗaya tak, ba ƙari.

Malamar da take koya mini ta intanet 'yar Sifaniya ce. Ta ce in ina son harshe mai tsabta in tafi Salamanka ko Bayadolid, garuruwa biyu a ƙasarsu. Wani abokina ya rantse cewa na Kolombiya ya fi na kowa fita tar. Wani kuma ya ce na Meziko gurɓatacce ne, in na koyo shi za a riƙa yi mini dariya. Kwanan baya wani mai saye ya turo saƙon murya na minti biyu, na saurara sau bakwai, ban tsinci komai ba sai "jamaica" da "gracias". Tun ranar gwiwata ta yi sanyi. Hajiya kuma damuwarta sallah da abin da zan ci. Ni ma dai ba zan ɓoye maka ba, tun ina firamare nake goyon bayan Real Madrid. Baffa ya ce in ba shi amsa bayan sallah. Ina tsoron in zaɓi gurguwar hanya in ƙona masa kuɗi.

Ɗan Baffa, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Sai da na karanta wasiƙarka karo na biyu na lura ka ɓoye tsokar a ƙasan kwano. Za mu zo kan Real Madrid, amma bari mu fara da malamarka.

Ka ɗauka wani ɗan Meziko ne ya rubuto mini yana so ya koyi Hausa don ya riƙa sayen zoɓo da bakinsa. Basakkwace ya ce masa ya zo Sakkwato, can ne ake cewa "munka tahi" da "biyat", Hausar asali wadda ba ta sha ruwa ba. Bakano ya ce a'a, tamu ce ake bugawa a littafi, ita ake ji a rediyo. Bazazzagi yana gefe yana cewa "rigan nan", ana yi masa dariya, shi ko a jikinsa. Mutumin Damagaram kuma ya tura ɗansa "lakwal" wajen "mushe". Wanne daga cikinsu ne ba Bahaushe ba? Kuma me za ka ce wa baƙon nan? Na san abin da za ka ce: tunda zoɓo ya kawo ka, je ka zauna inda ake cinikin zoɓo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, malamarka ma kukan gidansu ta yi maka, kuma ba laifi ba ne.

Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe 20, har da Ikwatoriyal Gini da ke nan kusa da mu, sannan ga tsibirin Puerto Rico. Waɗanda suka tashi da shi a baki sun kai wajen miliyan 500, kuma mutanen Sifaniya ba su kai ɗaya bisa goma na wannan adadi ba. Meziko kaɗai, a ƙidayar 2020, tana da mutum miliyan 126. Wanda ya ce maka harshen mutum miliyan 126 gurɓatacce ne, ka tambaye shi wa ya naɗa shi alƙali. Hukumar kula da harshen da ke Madrid, wadda aka kafa a 1713, ita kanta ta daina wannan taƙamar. Tun 1951 aka haɗa ƙungiya ɗaya da takwarorinta na sauran ƙasashe, a birnin Meziko ma aka kafa ta, kuma yanzu tare suke fitar da ƙamus da nahawu.

Bayadolid ɗin da ake yi wa kirari da tsabta ma tana da nata tabon. Mutanenta da yawa sukan ce "la dije" a inda littafin nahawu ya ce "le dije", wato na ce mata, kuma hukumar Madrid ɗin kuskure take ɗaukar wannan. Sunan garin nasu ma sukan ƙarasa shi da wani sauti dabam da "d" ɗin da aka rubuta. Wannan bai rage wa Salamanka daraja ba. Jami'arta tun 1218 take, tun 1929 take koyar da baƙi, sun san aikinsu ciki da bai. In ka je za ka koyo harshe mai kyau. Tambayar ita ce harshen wa za ka koyo, kuma wa zai saurare ka in ka dawo.

Bambance-bambancen ba su kai yawan da ake tsorata ka da su ba, kuma karatun allo ya riga ya share maka rabin hanya. A tsakiya da arewacin Sifaniya, harafin "z", da kuma "c" idan "e" ko "i" ta biyo shi, ana furta su ne da harshe tsakanin haƙora, daidai da "sa" mai ɗigo uku da malam ya sha gyara maka a tajwidi. Da haka suke raba "casa", gida, da "caza", farauta. A duk nahiyar Amurka, da tsibiran Kanari, da wani yanki na Andalus, "s" ce kawai, kuma ban taɓa jin wanda ya tafi farauta alhali gida aka aike shi ba. Harafin "j" a Madrid daga maƙogwaro yake fitowa kamar "kha" ta Larabci, a Meziko ya fi laushi, a Kuba kuwa "h" ce zalla irin ta "hanya". Mutanen Sifaniya suna da "vosotros", wato "ku" ta sa'anni da 'yan gida, da nata jerin aikatau da sai ka haddace. A nahiyar Amurka babu ita, "ustedes" ake ce wa kowa, daga yara har sarakai. A Buenos Aires da Montebidiyo "yo" takan koma "sho", "calle" ta koma "kashe", su ce "vos tenés" a maimakon "tú tienes". Kusan manyan ke nan.

Wanda ya fi wahalar da baƙo shi ne haɗiye "s". Ni a arewacin Sifaniya na fara koyo, bayan wata huɗu ina tafiya ina jin kaina, ba mai gyara mini magana. Sai na hau mota na gangara kudu, garin Kadis, ran wata Lahadi da rana. Na sauka da yunwa, na tare wani dattijo mai sanda a bakin tasha, na jera masa tambaya irin ta littafi, ina zan sami wurin cin abinci. Ya dube ni ya ce, "Ta to serrao." Na ce ya maimaita. Ya maimaita da ƙarfi, kamar kurumta ce matsalata. Sai da ya nuna mini ƙofofin shaguna da sandarsa na gane "está todo cerrado" yake cewa, ko'ina a rufe yake. Gaɓa bakwai ya mayar huɗu. Mutumin nan Basifaniye ne ɗan Basifaniye, a cikin ƙasar da aka ce ita ce mai harshe mai tsabta. Irin wannan haɗiyar za ka ji a Kuba da Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da gaɓar tekun Kolombiya, a Chile kuma a haɗa maka da gudu.

Wannan ya kawo ni kan saƙon muryar da ya karya maka gwiwa. Abin da ke cikin wayarka murya ce da aka ɗauka a ɗaki shiru, mai maganar yana raba kalma da kalma kamar mai ƙirga kuɗi. Mai sayen zoɓo kuwa ƙila yana tuƙi ne, ko yana tsaye a ɗakin ajiya ana sauke kaya. In kuma mutumin Berakurus ne, tashar jiragen ruwan da ke gaɓar gabas, to mutanen can ma suna haɗiye "s" kamar 'yan Kuba, ko da yake 'yan Meziko ne. Shekara guda a waya ba ta ba kowa wannan kunnen. Da ka yi wata shida a Salamanka aka sake turo maka saƙon nan, za ka kama fiye da da, amma za ka bar wani abu a ƙasa, kuma a ciniki abin da aka bari a ƙasa shi ne yakan zama asara. Kada ka goge saƙon. Ka rage masa gudu, ka rubuta abin da ka ji, ka kai wa malami ya cike maka gurbin. Ya fi maka darasi ashirin na manhaja.

Shawarata ita ce ka tafi Meziko.

Dalilina na farko kalmomin sana'arku ne. Zoɓo a can "jamaica" ne, ana furta shi "hamaika", kuma ruwansa da ake sayarwa a manyan tuluna na gilashi a bakin titi, in ka kurɓa, gida za ka tuna, sai dai ba citta ba kanumfari. Riɗi a Meziko "ajonjolí" ne, a Sifaniya an fi cewa "sésamo". Gyaɗa "cacahuate" ce a Meziko, "cacahuete" a Sifaniya, "maní" a Kudancin Amurka. "Camión" a Madrid babbar motar kaya ce, a Meziko har motar fasinja haka ake kiranta, ka ga wanda yake shirya jigilar kaya ya kamata ya san wacce ake nufi. Akwai kuma aikatau ɗin nan "coger", wanda a Sifaniya ake faɗa sau ɗari a yini, a ɗauki mota, a ɗauki waya, a ɗauki jaka. A Meziko batsa ce tsagwaronta. Ɗalibin Salamanka ya fi kowa faɗawa wannan ramin, domin bakinsa ya riga ya saba.

Na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ba a koyar da shi a aji: ladabin magana. Mutanen Sifaniya kai-tsaye suke, mutum ya shiga shago ya ce "ba ni kofi" ba tare da an ga baƙinsa ba, kuma da wuri suke sauka zuwa "tú", wato "kai" ta sabo. Ɗan Meziko yana jin wannan kamar tsawa. Shi sai an gaisa, an tambayi iyali, an ce "usted", wato "kai" ta girmamawa, an kira mai digiri "licenciado", mai aikin injiniya "ingeniero", kamar yadda ba za ka kira Alhaji da gundarin sunansa a Dawanau ba. In bai ji ka ba "¿mande?" zai ce, kalmar da asalinta "umarce ni" ne. Ba ya son ya ce maka a'a ƙiri-ƙiri, sai ya ce zai duba, zai kira ka. Sannan ga "ahorita", wadda ƙamus zai ce maka "yanzun nan" take nufi, alhali ita ce "ina zuwa" ta Bahaushe: tana iya zama minti biyar, tana iya zama bayan sallah, tana iya zama har abada. In mai saye ya ce zai turo kuɗi "ahorita", dole ka san daga muryarsa wacce daga cikin ukun yake nufi. Tarbiyyar da aka yi maka a gidan Baffa ta fi kusa da wannan ɗabi'a fiye da ta Madrid, za ka ga ka shige cikinsu ba wuya.

Na uku, kasuwar tana can. A birnin Meziko, yankin Istapalapa, akwai Central de Abasto, wadda aka buɗe a 1982, faɗinta ya haura hekta 300, Dawanau ce ta ƙasar baki ɗaya. Ka je da sassafe ka tsaya a layin busassun kaya, ka ga yadda suke damƙar zoɓo su duba launi da ƙura da tsinke, ka ji yadda suke bambanta na gida da na waje, ka tambayi farashi a rumfa biyar. Safiya ɗaya a nan, da littafin rubutu a aljihu, za ta amfani Baffa fiye da takardar shaida mai hatimin zinare. Kuma ka san a 'yan shekarun baya Meziko ta taɓa dakatar da shigar zoɓon Najeriya saboda ƙwaron rumbu da ake kira khapra, mutane da yawa suka kwana da kaya a hannu. Hukumarsu ta lafiyar amfanin gona, SENASICA, da Sifaniyanci take fitar da ƙa'idojinta. Gidan da yake da mai karanta su da kansa ba ya jiran sai labari ya biyo ta bakin wani.

Da fata Baffa yake fitarwa, da na juya maganar nan kaf. Fatar Kano Italiya da Sifaniya take zuwa, garuruwan takalma irin su Elche suna yankin Alikante, sai in ce maka Sifaniya ba tare da na yi dogon tunani ba.

Abokinka mai Kolombiya bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Mutanen Bogota suna fitar da kowane harafi, ba sa gaggawa, baƙo yana jin daɗinsu. Amma ka sauka Kartahena a bakin teku ka ji ko ƙasa ɗaya ce. Kuma wannan fita tar ɗin akwai ta a tsaunukan tsakiyar Meziko, inda "s" take fita har da ƙari. Gwatamala ma ana yabonta, garuruwan Antigua da Shela sun yi suna da makarantun da ake ba ɗalibi malami shi kaɗai a kan kuɗi kaɗan, sai dai ba can masu sayenku suke ba. In kuma zuciya ta rinjaye ka zuwa Sifaniya duk da abin da na faɗa, ka sani Basalona harshe biyu gare ta, allunan titi da darussa da yawa na jami'a da Katalanci suke.

Makaranta kuwa, babbar jami'ar ƙasar, UNAM, tana da cibiyar koyar da baƙi da ake kira CEPE, wadda ta faro tun 1921. Tana cikin harabar jami'ar a kudancin birnin, tana da reshe a Tasko, ƙaramin garin maƙeran azurfa. Zango-zango suke yi na makonni shida, ka ga wata shida zai ba ka kamar zango huɗu in ka daidaita ranar sauka da ranar buɗewa. Amma aji awa uku ne ko huɗu a yini, sauran awa ashirin ɗin su ne za su nuna ko kuɗin Baffa ya haihu. Na ga ɗaliban da suka yi shekara a waje suka dawo da Turancinsu ya ƙaru, domin da Amurkawa da Jamusawa suka kama gida. Ka nemi ɗaki a gidan 'yan ƙasa, inda tsohuwa za ta tambaye ka ina ka je, me ka ci, me ya sa ba ka sa rigar sanyi ba, kuma ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Rigar sanyin ma da gaske ne. Birnin yana kan tudu mita 2,240, kusan ninki biyu na Jos, makon farko hawa bene zai sa ka haki, dare kuma a Disamba da Janairu sai da bargo.

Biza ita ce ke yanke hukuncin da mu muke ta muhawara a kai. Ƙasashen biyu duk suna da ofishin jakadanci a Abuja, Sifaniya tana da ƙaramin ofishi a Legas. A Sifaniya duk karatun da ya wuce kwana 90 sai da bizar ɗalibi, da shaidar kuɗin zama, wanda a 2024 ma'auninsa Yuro 600 ne a kowane wata, ban da kuɗin makaranta da inshorar lafiya. A Meziko iyakar baƙo kwana 180 ce, abin da ya haura haka sai takardar zaman ɗalibi, wato wata shidanka yana bakin layin, ka ƙirga kwanakin da yatsa. Ga wani abu da mutane ke tuntuɓe a kai: mai fasfo ɗin Najeriya ko Gana yana buƙatar bizar wucewa ko da sauya jirgi kawai zai yi a filin jirgin Madrid ko Faris ko Frankfurt. Kada arhar tikiti ta ruɗe ka. Akwai jirgin da ke zuwa birnin Meziko ta Istanbul, ka fara duba wannan. Ka je ofishin jakadancin da ƙafarka, da wasiƙar makaranta da takardun kamfanin Baffa da shaidar kwantenonin da aka taɓa turawa, kada ka ba ɗan tsakiya ko sisi. In aka hana ka, duniya ba ta ƙare ba: cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa don koyar da harshen, ta buɗe reshe a Dakar a 2021, tana da rassa da dama a Maroko, a Malabo ta Ikwatoriyal Gini kuma da Sifaniyanci ake karatu da aikin gwamnati.

Hajiya tana da gaskiya, kuma a nan Sifaniya ta yi wa Meziko nisa. Musulmin Sifaniya sun haura miliyan biyu, mahautan halal na 'yan Maroko suna kusan kowane gari, Madrid tana da babban masallaci tun 1992, Granada tun 2003 a kan tudun Albaisin yana fuskantar fadar Alhambra. Harshen kansa cike yake da sawun Larabci: "alcalde", shugaban gari, da "alƙali" namu uwa ɗaya ta haife su, "hasta" kuwa ita ce "hatta". A Meziko, ƙidayar 2020 ba ta sami Musulmi 10,000 ba a duk ƙasar. Ana sallar Juma'a a babban birnin, akwai cibiya a unguwar Ansures, shi ya sa ma na fi son ka zauna a birnin a kan ƙananan garuruwa. Abinci sai ka buɗe ido. Wake da aka dama, da "tamales", ƙullin masara da ake turarawa a ganye, sau da yawa da kitsen alade ake yin su. Jimlar farko da za ka haddace ita ce "¿lleva manteca o puerco?", akwai kitse ko naman alade a ciki? Kuma za ka ga nama a tsire a tsaye yana juyawa a gaban wuta, sak shawarma, har da ƙamshin. Sunansa "al pastor", 'yan Labanan ne suka kai salon, amma naman alade ne. Ka wuce. Kifi da ƙwai da masara da kayan lambu suna da yawa da arha, in kuma ka iya dafa shinkafa da miya ka gama. Ka zaunar da Hajiya ka faɗa mata duk wannan yadda yake, har da wanda bai yi daɗi ba, ka nuna mata hoton wurin Juma'ar, ka yanka mata ranar da za ka riƙa kira. Batun tsaro ma kada ka ɓoye, za ta ji a rediyo ko ba ka faɗa ba. Akwai jihohin da ba ka da abin yi a cikinsu, akwai unguwannin da ba a shiga da dare, mai gidan da ka sauka zai gaya maka su a daren farko in ka tambaya.

Yanzu ga abin da malamarka da abokinka duk ba su faɗa maka ba. Ko ina ka je, da lafazin Kano za ka dawo. Wata shida ba ya mayar da mai shekara 28 ɗan Madrid ko ɗan Meziko, kuma ba wanda yake buƙatar hakan daga gare ka. Bakin Bahaushe ma yana da sa'a a wannan harshe: wasulansu biyar ne irin namu, "ch" ɗinsu ita ce "c" tamu, "ñ" tana cikin "hanya", "r" mai kaɗawa da Turawa ke shan wuya a kanta mu a gida muka same ta, "b" da "v" kuwa sauti ɗaya ne a wurinsu, ba mai kama ka. Inda za ka sha kashi shi ne "p" da "f". "Puente" gada ce, "fuente" maɓuɓɓuga. Kalmomin da za ka rayu a kansu kuma duk a nan suka taru: "precio", "peso", "pago", "factura", "flete", "fecha", wato farashi, nauyi, biya, takardar kuɗi, kuɗin dako, kwanan wata. Sai kuma ɗabi'armu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, "tres" ta zama "tires", "precio" ta zama "firesiyo". Ka riƙe takarda a gaban leɓenka kana jera su kullum bayan asuba, minti goma. Wannan gyaran a Kano ake yinsa, kyauta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga yau zuwa tashinka, ka ƙara malami ɗan Meziko ko sau ɗaya a mako, ba sai ka sallami malamarka ba. Ka riƙa kunna rediyon birnin Meziko kana aikin littafi, wani lokacin ka sauya zuwa na Kuba ko Ajantina don kunne ya saba da kowa, amma bakinka ya tsaya a kan guda. Kafin ka dawo ka zauna jarrabawar ƙwarewa a Sifaniyanci ta SIELE, wadda UNAM da Salamanka da jami'ar Buenos Aires da cibiyar Cervantes suka haɗu suka tsara, da gangan ake sa muryoyin ƙasashe dabam-dabam a cikinta, takardarta tana aiki shekara biyar. Takardar ɗaya jarrabawar, DELE, kuma ba ta tsufa, kuma ba a rage wa kowa maki don ya yi lafazin Meziko. Baffa mutumin rasit ne, ka kawo masa ɗaya.

Sai dillali. Shekara da shekaru yana cin abinci ne daga ramin da ke tsakanin Hausa da Sifaniyanci, kai kuma ramin za ka je ka cike. Kada ka yi shela a kasuwa, kada kuma ka dawo kana ganin ka fi shi. Ya san wanda ke biya da wanda ke ja, ya san abin da ba a rubutawa. Ku bar Baffa ya tsara yadda za a yi da shi, shi ya san tsakaninsu.

To, Real Madrid. In ka ce wa Baffa Salamanka saboda tsabtar harshe, alhali lissafin da ke ranka shi ne garin bai kai tafiyar awa uku zuwa Bernabeu, filin wasansu, ba, ka ci amanarsa a kan abu kaɗan, kuma dattawan kasuwa suna shinshino irin wannan. Ka bari sai kwantenar farko da ka yi cinikinta da bakinka ta isa Berakurus, ka sayi tikitin Madrid da ribarka. Kafin nan ga abin rage zafi. Hugo Sánchez, wanda ya zama sarkin ƙwallayen La Liga sau biyar, huɗu daga ciki da rigar Real Madrid, har da ƙwallo 38 a kakar 1989 zuwa 1990, ɗan birnin Meziko ne. A ƙungiyar Pumas ta UNAM ya taso, a jami'ar ya karanta likitancin haƙori, kuma har yau 'yan ƙasarsu na tsokanarsa cewa ya dawo musu da lafazin Madrid. Filin wasan Pumas yana cikin harabar, daga ajinku da ƙafa za ka taka. Ka je ran wasa ka zauna cikin 'yan kallo da ɗan littafinka, amma abin da za ka ji suna faɗa wa alƙalin wasa, kada ka maimaita shi a gaban "licenciado".